Mai Tsaron Gida

A rediyon shagon Tela aka ji sanarwar: a zagayen farko na kofin ƙananan ƙungiyoyi, 'yan Bakin Kasuwa za su kara da 'yan Kamfanin Bulo a gidansu. Wanda aka cire, sai baɗi.

Tela ya ɗaga ƙafa daga kan keken ɗinki. Shi ne mai tsaron gidan 'yan Bakin Kasuwa.

"Gidan su wa?"

"Na 'yan Bulo mana," in ji sakataren ƙungiya, wanda ya taɓa karantarwa a firamare kuma bai yarda a manta ba. "Kai dai tsare raga, ka bar mana fassara."

Tela ba shi da wata baɗi. Gwiwarsa ta gama aiki, ya kuma yi wa matarsa alkawarin daga bana ya ajiye safar hannu. Burinsa ɗaya, mahaifinsa ya gan shi cikin raga ko sau ɗaya, domin tsohon bai taɓa zuwa kallo ba. Ya je ya durƙusa ya roƙe shi.

"Bayana ba ya son mota," in ji tsohon.

Ranar wasa su Tela suka cika bas, har da ganga. A hanya suka yi kiciɓis da wata bas cike da samari masu jajayen riguna. Aka ɗaga wa juna hannu cikin mutunci.

A filin 'yan Bulo suka tarar da awaki da wani maigadi, wanda ya yi musu bayani a hankali, yadda ake yi wa marar lafiya. Alƙalin wasa yana can filin Bakin Kasuwa tare da 'yan Bulo, masu jajayen rigunan nan. Ya jira iya abin da doka ta ce, ya hura usur, ya rubuta uku da babu. Sakatare ya ce laifin mai karanta labarai ne, kuma zai rubuta takarda.

Da Tela ya dawo, ya sami mahaifinsa a ƙofar gida sanye da babbar rigarsa ta fita.

"Na ga jama'a na tafiya fili, na lallaɓa na bi su," in ji tsohon. "Har kujera aka ba ni a gaba, wai uban gola."

Tela ya sunkuyar da kai.

"An ce an ci ka uku. Na duba ragar, ban gan ka ba. Ba kai ne ake ce wa mai tsaron gida ba?"

"Ni ne, Baba."

"To gidan wa ka je tsarewa?"

Washegari matarsa ta fara sauke tukunya da safar hannun Tela.