Tauraron da Kaka Halina Ba Ta Gani Ba

Daga Lisbon zuwa Krakow awa huɗu ce a jirgin sama. Shekara biyu ke nan Bogna tana jin wannan tazara a ƙirjinta. Yau kuwa, jajibirin Kirsimeti, saurayinta Duarte, mutumin Lisbon, zai taka gidansu karon farko.

"Sha ɗaya za mu tashi, uku na sauka," in ji shi a waya. "Kafin rana ta faɗi ina gabanki, masoyiya."

Wayyo Duarte! Ya manta agogon Krakow ya riga nasu da awa guda. Ya kuma ɗauka rana a ko'ina irin ta garinsu ce, mai jan ƙafa a bakin teku. Ta nan, a watan Disamba, kafin ƙarfe huɗu ta tattara ta tafi.

A gidan Kaka Halina kuwa, kakar Bogna, da fitowar tauraron farko ake zama cin abinci, a gutsura siririn burodi mai tsarki. Wanda Kaka ta gutsura wa da hannunta ya zama ɗan gida. Wanda ya makara baƙo ne, sai dai ya jira baɗi. Ko marigayi mijinta ba ta taɓa jira ba.

Duhu ya shiga. Kawu Leszek na tsaye a taga, cikinsa na kuka.

"Bogna, angon naki da ƙafa ya taho ne? Kifin nan ya kusa farfaɗowa ya koma kogi." Sai ya buga tagar da yatsa. "Mama! Ga tauraron can ya fito!"

Bogna ta waiga ta dubi ƙofa.

Kaka ta jawo ƙafa zuwa taga. Ta dubi jikarta, ta ga idanun sun cika taf. Sannan ta zare tabarau, ta goge shi a hankali, ta jefa aljihu.

"Ina?"

"Ga shi saman coci!"

"Jirgi ne."

"Haba Mama, jirgi a tsaye wuri ɗaya?"

"Kai da ka fara kurɓar giya tun tsakar rana, me ka sani? Tun kafin a haife ka ni ke ganin tauraro a gidan nan."

Miya ta huce. Sama ta cika da taurari har kan rufin maƙwabta. Tsohuwar nan mai ciwon gwiwa ta ƙi zama, tana nan tsaye, ta ɗaga kai tana nema da gaske. Bogna ta tsura wa bayanta ido, ta rasa yadda za ta yi da son da ya taso mata.

Aka danna ƙararrawa. Duarte ya shigo yana haki, ƙanƙara a gashinsa, rigarsa ko sanyin Lisbon ba za ta tare ba.

Kaka ta mayar da tabarau. Ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa, sannan ta juya ga taga.

"Af," ta ce, "ga shi ya fito."

Ta ɗauko burodin, ta gutsura, ta miƙa masa kafin kowa.