Kaza Mai Harɗaɗɗen Baki

Sodangi baduku ya ɗauko 'yar tsako daga kan juji, inda matarsa Lantana ta yar da ita, ya dawo da ita gida a aljihun rigarsa.

Bakinta a harɗe yake. Na sama ya nufi dama, na ƙasa ya nufi hagu, kamar almakashin da ya kwance. In ta kai sara kan ƙwayar gero sai ƙwayar ta tsallake. 'Yan'uwanta su ƙoshi, ita tana bin su da kuka.

Lantana ta ce, "Malam, wagga ba ta rayuwa. Kuma ba a barin irinta cikin gida."

"In ji wa?"

"Mutane."

"Ba mutane ka ba ta hatsi ba."

Maganar ta tsaya nan. Sodangi ba ya maimaita zance.

Shekara ta uku ke nan da shigar Nasara Sakkwato. Ranar da aka kara da su a filin bayan birni, ɗansa na fari, Lawali, ya fita da takobin aro. Aka dawo da shi a kan ƙyaure, da ransa, harsashi ya fasa masa muƙamuƙi. Raunin bai kashe shi ba. Yunwa ce ta kashe shi, ga rumbu cike da gero. Sodangi da kansa yake tallafe kan yaron yana ɗura masa koko da ludayi, kokon ya bi gefen baki ya gangara wuya. Yaron ba ya iya magana. Idonsa kawai ke bin ludayin, daga ƙwarya zuwa baki, daga baki zuwa ƙwarya. Kafin ruwan farko ya sauka aka kai shi makwancinsa.

Da yake ɗan fari ne, Sodangi bai taɓa kiran sunansa ba tun ranar suna. "Kai," yake cewa, ko "wancan yaro." Ko a bakin kabari bai faɗa ba.

Ya fafe wa 'yar tsakon ƙoƙo mai zurfi. Kullum da safe ya kwaɓa dusa da garin gero da ruwa, ba tauri ba ruwa-ruwa, ya ajiye mata a zauren da yake aiki, inda sauran kaji ba sa isa su kore ta. Sai ta nutsa kai har ido, ta kwaso da bakin ƙasa, ta ɗaga wuya ta haɗiye. Rabi ya shiga, rabi ya zube. Tun da bakin ba ya gogar ƙasa, sai ya riƙa tsawo yana lanƙwashewa. In ya yi yawa, Sodangi ya matse ta tsakanin gwiwoyinsa, ya goga shi a kan dutsen da yake wasa wuƙa, kaɗan-kaɗan, don kada ya kai ga jini. Ba ta iya tsince gashinta, ƙwari suka same ta, ya riƙa murza mata toka a ƙarƙashin fukafukai. Da azahar harshenta ya bushe, ya ɗiga mata ruwa da yatsa.

Ta rayu. Ba ta yi girman 'yan'uwanta ba, amma ta zama kaza.

Dukawan Ƙofar Rini suka samu abin dariya. Mai wucewa ya leƙo ya ce, "Sodangi, ina amarya? Ta karya kumallo?" Shi ko ɗaga kai ba ya yi daga kan fatar da yake yanka.

Abin da ba su gani ba shi ne yadda take ci. Kwaɓin ya bi gefen baki ya gangara wuya, ya sa bakin riga ya share. In ya ɗauki ƙoƙon zai ƙara, ta karkata kai, ido ɗaya na bin hannunsa har ya dire. In ta ƙoshi ba ta shiga cikin kaji. Sai ta tafi ƙofar ɗakin Lawali, wanda ba a buɗe ba tun da aka fitar da gawa, ta kwanta a dokin ƙofa. Wani lokaci da tsakar rana, gida ya yi tsit, sai ya ji ƙwas, ƙwas, kamar haƙori na bugun ludayi. Ya duba, kaza na barci, ƙoƙo a kife.

Wata rana Lantana ta kawo masa fura. Tana bayan zana ta ji muryarsa, ƙasa-ƙasa, irin wadda ba ta san yana da ita ba.

"A hankali, Lawali. Ba mai amshe maka."

Ta daɗe a tsaye. Ta ajiye ƙwaryar a ƙasa ta koma ciki. Ba ta taɓa tayar masa da zancen ba. Daga ranar ita ke tankaɗe dusar ta ajiye a bakin zaure, amma in kazar ta biyo ta tsakar gida sai ta kauce mata.

Sai aka yi yaƙin Satiru, garin da ya yi wa Nasara tawaye kusa da Sakkwato. Bayan an ƙone garin aka shiga neman duk wanda aka ce yana da hulɗa da mutanensa. Wanda aka ambata, sai a gan shi an wuce da shi a ɗaure.

Ran nan bayan la'asar Maccido, ƙanen Sodangi, ya shigo zaure. Mai sayen fatu ne a ƙauyuka. Ya tsuguna, bai gama gaisuwa ba ya ce, "Yaya, an kai sunana. Wani da muka yi rigimar katanga da shi ya ce ya gan ni Satiru. Gobe za shi hwaɗi gaban Bature."

"Ka tai?"

"Na tai sayen hwatu, kamar kullum. Hwatun da kake ɗunki da su."

"To, hwaɗi hakanan."

"Wa ka saurare na?" Maccido ya share zufa. "Na ga Dodo, bokan Ƙofar Dundaye. Ya ce akwai magani. A samo kaza mai harɗaɗɗen baki tun daga ƙwai. A ɗunke bakin da zaren hwata, a bizne ta da rai bisa hanyar da mai shaida za shi bi. Ya ce in ya taka, harshenai harɗewa za shi yi, ko sunanai ba shi iya hwaɗi. Duk birnin ga na bincika, Yaya. Taka ɗai ta."

Kazar na gindin Sodangi, kanta cikin ƙoƙo.

"Wa za shi ɗunkewa?"

Maccido ya dubi basillar da ke hannun wansa, ya sunkuyar da kai.

Sodangi ya ce, "Ga rago can ɗaure, ɗauki ka yi sadaka. Gobe in raka ka, in dahwa Alƙur'ani in rantse sayen hwatu ya kai ka."

"Rantsuwarka ba ta wuce kunnen tahinta! Yaya, nono ɗaya muka sha. Ɗiyana huɗu. In an tai da ni, wa ka riƙon su? Kaza ta hwa!"

Daga bayan zana Lantana ta ce, "Malam, ba shi ita. Don Allah ba shi, mu huta."

Maccido ya matso har gwiwarsa ta taɓa tabarma. "Na ji abin da aka cewa kana kiran ta. Ni na shiga kabarin Lawali, ni na amshe shi daga hannunka na kwantar. Yana can. Ni ina nan, da raina."

Sodangi ya san gaskiya ya faɗa. Ya dubi ƙanensa, wanda ya goya a baya suna yara, ya ga tsoron fuskarsa na gaske ne. Ya dubi basillar. Ya ga inda za ta shiga, inda za ta fito, da yadda zai ja zaren ya ƙulle. Ya ga ƙasa na zuba a kan kazar, da ido ɗaya yana bin hannunsa.

Kazar ta ɗago kai. Kwaɓi na bin wuyanta.

Maccido ya miƙa hannu zai ɗauke ta. Sodangi ya riƙe masa wuyan hannu, riƙon mai jan fata, ya mayar masa da shi kan cinyarsa.

"Ba ni ba ka ta."