Ranar da na ƙona taransifoma

A sashenmu na injiniyan lantarki doka ɗaya ce tal, kuma Malam Lado, mai kula da ɗakin gwaji, shi ya kafa ta: kar a taɓa. Muka shekara uku muna kallon injina hannu a baya, kamar masu gaisuwar suruki. Sammani ne kawai ya taɓa gwada ƙarfin hali, ya juya waya, wani inji ya yi hayaƙi. Aka hana shi shiga ɗakin, jarrabawar gwaji ta wuce shi, ya maimaita shekara, har muka taras da shi a aji.

Bana aka kawo kwamfutoci. A cikinsu akwai ɗakin gwaji sukutum: ka ja waya, ka haɗa taransifoma, ka kunna, duk a kan allo. Idan ka yi kuskure allon ya yi ja, kwamfutar ta yi ƙara, ka danna wuri ɗaya komai ya koma sabo. Na yi murna har na ba mai babur labari a hanyar Ƙofar Guga, bawan Allah yana ta cewa to, to.

Ashe da sauran rina. Malam Lado ya kwaso dokarsa ya ɗora wa kwamfuta. Wai wanda allonsa ya yi ja ya ɓata kayan makaranta, hukuncinsa irin na Sammani. Sai ka ga ƙarti da gemu sun kwafi zanen haɗa wayoyi, sun naɗe hannu suna jiran Malam ya zo ya duba kafin su kunna. Abin ya riƙa ci mini rai. Jarrabawa ta matso, ni kuwa ban san abin da ke kashe taransifoma ba, sai abin da na haddace.

Ran Laraba na cire fiyus, na haɗa wayoyin fita biyu da juna. Sadiyya, ƙawata da ke kujerar kusa, ta riƙe mini hijabi.

"Ke Haulat, mi kike yi? Kina son ki maimaita?"

Na kunna. Na ga allurar awo ta haura har ƙarshe, zafi ya bi ta, allo ya yi jajir. Wallahi a wannan ɗan lokacin na gane abin da darasin zango guda bai shigar mini ba. Daɗi ya kama ni, tsoro ma ya kama ni.

Malam Lado ya iso yana haki. "Wa ya yi wanga aiki?"

"Ni ce, Malam. Da gangan."

Na danna, taransifoma ta dawo garau. "Ga ta nan, ko ƙwarzane babu."

"Yau hoto, gobe ta gaske! Hita. Kin gama shiga ɗakin ga."

Ban ba shi haƙuri ba. Na ɗauki jakata ina tunanin abin da zan faɗa wa Baba. Na kai bakin ƙofa sai na ji ƙara a bayana. Allon Sadiyya ne, ita da ko malami ba ta iya kallo a ido. Sai na Aliyu da ke gefenta. Sai layin baya gaba ɗaya, har da Sammani, wanda ya miƙe tsaye ya ƙona tasa yana dariya. Ɗakin ya cika da kuka kamar an shiga kasuwar kaji.

Malam Lado ya juya nan, ya juya can. Ba zai kori aji guda ba, kuma bai san inda ake kashe ƙarar ba.

"Ke!" ya ce. "Dawo ki nuna masu yadda ake maido ta."

Na ajiye jakata a hankali.

"Zan nuna masu, Malam. Amma sai kowa ya hwaɗa mani abin da ya ƙona tashi."