Faretin Furanni

Ƙarfe bakwai saura kwata na safe, rana ta riga ta fara cizo, ko gajimare ɗaya babu a sama. Na iso lambun da nake aiki, inda muke rainon furanni a tukwane muna sayarwa, na tarar da Baba Saje tsaye a bakin ƙofa, hannuwa a baya, riga a goge kamar mai zuwa ɗaukar hoto.

"Barka da isowa, Oga," in ji shi.

"Baba, don Allah ka daina ce mini oga. Kai fa ka koya mini hawa keke."

"Ka riga ni shiga aikin nan da shekara uku. A inda na fito, ko da kwana ɗaya mutum ya riga ka, ogan ka ne."

Baba Saje mijin goggona ne. Shekara ashirin da shida ya yi a soja, wata takwas ke nan da ya yi ritaya, kuma a wata takwas ɗin nan Goggo har ta rame. Kullum da safe sai ya zagaya kicin ɗinta yana shafa yatsa a saman kanta, ya jera mata cokula, manya a dama, ƙanana a hagu. Ofishin da ke nema wa tsofaffin sojoji aiki sun kira shi sau uku, duka ukun gadi ne. Ya ce musu ya gaji da tsayuwa a ƙofa, yana son abin da zai taɓa da hannunsa ya ga ya girma. Ni na roƙi Madam, mai lambun, ta ce ya zo gwajin mako ɗaya. In ya ci, ya zauna. In bai ci ba, hular gadi na jiransa, don ya yi wa Goggo alkawarin zai karɓa.

Ranar ce kwana na huɗu.

Wajen ƙarfe tara Madam ta shiga mota za ta kai wa wasu itatuwa, ni kuma ta aike ni nemo bel na injin ban-ruwa. Ta leƙo ta taga ta ce, "Saje, a ɗan kintsa wurin nan. Mutanen otal za su zo da ƙarfe huɗu su zaɓi furanni."

"An gama, Madam."

Da na sani da na tsaya na ce masa shara kawai take nufi. Amma hankalina na kan takalmin robana, wanda ƙafar hagunsa ke shan ruwa tun bara. Na cire shi, na matse safa, na sa silifa na tafi.

Bel ɗin ya ba ni wuya, sai a shago na biyar na samu. Ƙarfe ɗaya na dawo. Ina shigowa na tsaya cak, na koma baya na sake duba allon ƙofa, ko wani lambun na shiga.

Tukwane ɗari huɗu da wani abu, duk sun fito fili. Sahu-sahu, dogaye a baya, gajeru a gaba, tsakanin kowace da 'yar'uwarta taku ɗaya cif. Igiya ya ja ya daidaita su. Rumfar raga, inda masu son inuwa ke zama, ta zama wayam, sai 'yan masu ƙaya da ya tura ciki don sun ɓata masa sahu. Masu faɗin ganyen nan da ko iska mai zafi ba sa so, ga su a tsakiyar rana, kunnuwa sun langaɓe.

Baba Saje na gefe da gwangwanin madara a hannu, gumi ya jiƙa rigar nan da ya goge.

"Oga, ka zaga ka duba. Kowa ya sha ruwa, gwangwani ɗaya-ɗaya. Ban fifita kowa ba."

"Har masu ƙayar?"

"Su ba 'ya'yan lambun ba ne?"

Dariya ta zo mini har wuya, amma na ga yadda yake kallona, kamar kurtun da ke jiran a yaba masa. Na haɗiye ta. Na durƙusa gaban wata mai faɗin ganye, na ɗaga ganyen na nuna masa inda ya fara ƙonewa.

"Baba, wannan ba ta shan rana. Awa biyu ta ishe ta."

"Raguwa ce?"

"Ba raguwa ba ce, halinta ke nan. A inuwa ta fi kowa kyau. Masu ƙayar can kuma sau ɗaya a mako suke shan ruwa, in ya yi yawa su ruɓe."

Ya ajiye gwangwanin a hankali.

"Akwai wani yaro da muka yi da shi," ya ce. "Minti goma a filin fareti sai ya zube. Na yi ta ba shi horo. Daga baya aka mai da shi tantin oba-oba, inda ake sauraren saƙonnin rediyon soja, a inuwa. Duk bataliya babu mai kunne irin nasa." Ya dubi sahun nan nasa. "Ashe 'yan oba-oba na fito da su."

"Sai mu mai da su. Matsalar ɗaya, ni kaina ban riƙe mazaunin kowa ba."

Sai ya zaro ɗan littafi daga aljihun ƙirji. Shafi huɗu, an zana lambun kaf: tanki, rumfa, famfo, kowace tukunya da ɗigonta da lambarta. Na duba gindin tukunyar da ke gabana, ga lamba da alli.

"Yaushe ka yi wannan?"

"Kafin in taɓa ko ɗaya. Wa ke tayar da sansani bai zana shi ba?"

Shi ke kiran lamba, mu biyu muna ɗauka, baro na ta kuka. Gwiwarsa na damunsa, na gani, amma ko zama bai yi ba. Uku da rabi kowace tukunya ta koma gidanta. Sai dai guda goma sha biyu sun ƙone sosai, gefen ganyensu ya yi ja.

"Baba, mu tura waɗannan bayan tanki. Kafin Madam ta lura an gama makon gwaji."

Ya dube ni kamar na ce mu sayar da tankin.

"Oga, wannan umarnin dai ba zan bi ba."

"Hular gadi fa?"

"Na san da ita."

Ya jera su goma sha biyun a bakin ofis, su ma a sahu. Madam na fitowa daga mota ya ƙame, ƙafa ta bugi ƙasa har kyanwar lambu ta ruga.

"Madam, rahoto. Na fitar da kowa fareti ba tare da na tambaya ba. Goma sha biyu sun jikkata, babu wanda ya mutu. Oga ba ya nan, laifina ne ni kaɗai."

Madam ta dubi tukwanen, ta dube ni, na dubi silifana. Ta durƙusa ta juya ganye ɗaya bayan ɗaya. Har na fara tunanin abin da zan faɗa wa Goggo. Sai idonta ya faɗa kan littafin da ke leƙowa daga aljihunsa.

"Mene ne wannan?"

Ya miƙa mata da hannu biyu. Ta buɗe, ta daɗe tana bin shafukan da yatsa.

"Shekara tara ina da wurin nan, ban taɓa sanin inda komai yake a takarda ba. In an fasa mini tukunya kuma, kullum sai a ce kyanwa ce." Ta harare ni kaɗan. "Saje, majinyatan nan naka ne, kai za ka yi jinyarsu. Wata biyu suke bukata kafin su yi sabon ganye."

"Madam, gwajin mako ɗaya ne."

"To wa zai kula da su in ka tafi? Kuma don Allah ka sassauta, kana tsorata mini kyanwa."

Ya sauke kafaɗu. Sannan ya sunkuya ya ɗauki tukunya ta farko, ya nufi rumfa da ita a rungume.

Washegari na shiga ɗakin kaya zan sa takalmin robana. Na same su a bakin ƙofa, dunduniya da dunduniya, an wanke su tas. A ƙafar hagu an manna faci na tayar keke, zagayayye, gefensa a goge sumul. Na zura ƙafa, na je na taka cikin kwatar famfo da gangan. Safa ta zauna a bushe.

Baba Saje na cikin rumfa, ya durƙusa gaban majinyatansa yana taɓa ƙasarsu da yatsa. Ko juyowa bai yi ba.

"Oga, ka makara da minti huɗu."

Na ɗauki tiyo na tafi buɗe famfo.