Masara Kaɗai

Fulotin Alhaji Lukuman yana can bayan unguwar Chaza, inda gari ya fara cin gonaki amma bai gama haɗiye su ba. Ma'aikaci ne a Abuja. Ya sayi filin ya kafa duwatsu a kusurwoyi, ginin kuwa kullum sai baɗi. Shi ya ara wa Lidiya wurin ta riƙa nomawa, don kada ya zama daji wasu su zaci ba shi da mai shi.

Sharaɗi ɗaya ya gindaya mata: masara kaɗai.

"Madam, na taɓa ara wa wani fili ya dasa rogo," in ji shi. "Da na tashi gini ya ce sai rogonsa ya ƙosa. Sai da muka kai gaban mai unguwa. Masara ba ta daɗewa, ki cire ki ba ni wurina."

Mijin Lidiya ya rasu ya bar ta da yara uku a ɗakin haya a Kwamba, abincinsu na shekara kuma daga wannan fili zai fito. A ƙauyen da ta tashi ba a shuka abu ɗaya a gona. Dawa a sama, wake yana yaɗo a ƙasa, gyaɗa da kuɓewa a gefe. In fari ya kashe wannan, wancan ya tsira. In tsutsa ta ci na sama, na ƙasa ya ciyar da gida. Duk ta san wannan tun tana yarinya. Amma filin ba na ubanta ba ne, sai ta ce to.

Shekarar farko masara ta yi kyau, har ta kai wa iyalin Alhaji nasu. Ta biyu, ruwa ya ɗauke daidai lokacin da masarar ta fara goyo, tsutsa ta shiga ta ƙarasa abin da rana ta rage. Gonar ta mutu gaba ɗaya, kamar an haɗa baki. Yaran sun sha garin kwaki a shekarar nan har ƙaramar, Alheri, ta daina tambayar me za a ci.

Da damina ta zagayo Lidiya ta shuka masara layi-layi yadda mai fili yake so. Bayan ta yi tsawo, sai ta bi tsakanin layukan da wake, ta dasa dankali a gangaren da ruwa ke kwanciya, ta watsa yakuwa a bakin iyaka. Rogo dai ba ta dasa ba. Tsutsar ta dawo, don ita ba ta mance hanya, ta ɓarnata masarar son ranta. Waken kuwa ko a jikinsa. Ya rufe ƙasa, ya yi fure, ya fara 'ya'ya. Rabon Lidiya da barci mai daɗi irin na kwanakin nan tun mijinta yana raye.

Ran wata Asabar Alhaji ya biyo neman ɗanyar masara ta gashi. Ya tsaya a bakin gonar yana kaɗa makullin mota.

"Madam, mene ne wannan?"

"Wake ne, yallaɓai. Da ɗan dankali."

"Me muka yi da ke?"

"Oga, dubi masarar fa. In ba don waken nan ba, bana ma ba mu da komai. Kafin Kirsimeti na kwashe, Allah ne shaidata."

"Haka wancan ma ya ce." Bai ɗaga murya ba, ba mutumin faɗa ba ne. "Yau wake, gobe rogo, jibi mangwaro. Daga nan sai a fara ce mini gonar Lidiya."

Ta durƙusa, ta roƙe shi don yaran. Ya ce ta tashi, ba komai, zai duba.

Cikin makon tifa ta zo. Direban ya yi baya-baya ta kan dankalin, ya juye yashi a tsakiyar waken, ya koma ya ƙaro. Aka sauke bulo a kan yakuwar. Lidiya ta iso ta tarar da tudu, ganyen wake yana leƙowa daga gefensa. Ta sa hannu ta tona har farcenta ya yi jini, abin da ta tsamo bai cika ɗankwalinta ba. Baƙin cikin da ta ji ya wuce na kuka.

Ko ramin gini ba a haƙa ba. Rani ya shigo ya fita, ciyawa ta tsiro a kan yashin, ƙadangaru suka tare a cikin bulon.

Da aka yi ruwan farko, motar Alhaji ta tsaya kusa da ita a bakin titin Kwamba, tana tallan kunu. Ya sauke gilashi da fara'arsa.

"Madam, ginin nan sai baɗi. Ki koma ki noma gefen yashin, na yafe abin da ya wuce. Amma fa masara kaɗai."

Duk filayen aro an riga an kame su, ta bincika. Ta gyara riƙon bokitinta, ta rusuna.

"Na gode, yallaɓai. Allah ya saka da alheri."