Shafin Baya

Salmanu bai ko kurɓi shayinsa ba waya ta ɗau ƙara. Wasila ce, mai tsara masa shafukan mujalla.

"Direkta, maza ka nufi gidan Alhaji Abbas. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida."

"Tabarmin me?"

"Na zaman makoki. Wai Hajiya Hansai ta rasu, a Fitilar Zango aka gani."

Ya fizgo sabuwar fitowar daga kan tebur, ya juya bayanta. Ga Hajiya nan ta cika shafi, da farin mayafi da carbi, tana murmushi. Sai a lokacin ya gane ɓarnar da ya yi.

Tun yana saurayi ya kafa Fitilar Zango don Hausawan N'Djamena, ga shi yau gemu ya yi fari. Shafi ɗaya tak yake iya bugawa da launi, na baya, kuma tun fil azal nan ake sa hoton duk wanda ya rasu. A kasuwar Dembé mutum kan juya bayan mujallar tun kafin ya amsa sallamar mai sayarwa. To, a watan nan ba wanda ya kawo sanarwar rasuwa, kowa ya koma WhatsApp. Salmanu ya ga shafi mai launi a banza, ga kuma hirar da ya fi alfahari da ita a duk rayuwarsa, labarin Hajiya Hansai, wadda iyayenta suka taso daga Katsina a ƙasa za su Makka, aka haife ta a hanya, guzuri ya ƙare a bakin kogin Shari, suka yada zango, zangon ya zama gida. Ya ce tsohuwa irin wannan ba za ta fito a baƙi da fari ba.

Kuma ɗanta Alhaji Abbas shi ke ba shi takardar bugu kyauta daga sitonsa. In babu takardar nan, babu Fitila.

Ya tari ɗan kilando, mai babur ɗin haya, suka keta unguwar Mardjandafak. Tun daga kan kwana ya hango cincirindo. Dattawa sun jeru a tabarma, wata mata daga Milezi ta sauko daga tasi tana salati da kuka, har wani ya kawo buhun gero na sadaka.

Alhaji Abbas yana tsaye a bakin zaure, ba hula, yana ta maimaita magana ɗaya: "Tana da rai, wallahi tana da rai, tana ciki tana shan koko." Da ya ga Salmanu sai ya juyo kansa.

"Alhaji, don Allah a saurare ni. A ƙasan hoton na rubuta a duba shafi na tsakiya..."

"Wa ke karanta ƙasan hoto, Malam Salmanu? Ƙanwata ta suma a Kousseri! Yayanmu na Maiduguri ya riga ya hau mota! Kai ka koya wa garin nan cewa bayan takardarka maƙabarta ce, yau kuma ka kwantar min da uwa a ciki."

"Girmama ta na yi nufi."

"Ka girmama ta. Kalas, magana ta ƙare. Kada ka ƙara aiko min mota sito."

Wata jika ta leƙo ta ce Hajiya tana kiran mai jarida. Ya cire takalmi ya shiga, ya durƙusa daga bakin ƙofa. Ɗakin maƙil da mata, idanu jajawur, Hajiya kuwa tana kan darduma da kwanon kokonta.

"Ga mala'ikan mutuwata nan," in ji ta. "Matso, ɗan nan, ba na cizo, haƙoran sun tafi."

"Hajiya, ku yafe min."

"Me zan yafe? Kowacce a cikin waɗannan na daɗe ban sa ta a ido ba, sai da na mutu suka gane hanyar gidana." Ta juya ga matan. "To, tunda kun zo, wa ya karanta labarin babana? Yadda ya ɗauko uwata a jaki tana da cikina? Wurin da ya sayar da wandonsa don a tsallaka da mu kogi?"

Ba wadda ta ɗaga kai. Can wata ta ce a hankali, "Mu dai, Inna, bayan muka duba."

"Kullum?"

"Ai dominsa ake sayen ta."

Murmushin Hajiya ya ɗauke. Ta dubi Salmanu, wannan karon da tausayi. "Wuni guda na yi ina ba ka labari har muryata ta dushe. Tashi ka je, ɗan nan."

Bai hau babur ba, a ƙasa ya koma ofis. Ya wuce masu sayar da jarida biyu, dukkansu Fitila ta ƙare ƙaf, abin da bai taɓa gani ba. Ɗaya har ya ɗaga masa hannu yana dariya: "Direkta, a ƙaro!"

Ya tarar da Wasila zaune gaban kwamfuta, ba ta taɓa komai ba.

"Sai mu buga neman gafara a shafin farko," ta ce. "Da manyan baƙaƙe."

"Ba mai gani."

Ya jawo kujera ya hau, ya ciro fitowar farko da ke rataye a bango cikin gilashi, wadda ta yi ja don tsufa. Ya goge ta da hannun riga, ya ajiye a gabanta.

"Ɗauki hoton wannan. Ki sa shi a shafin baya, ya cika shafin. Sunan Fitila a ƙasa, da shekarar da aka haife ta, kamar yadda muke yi wa kowane mamaci."

Wasila ta ɗago kai ta dube shi.

"Da wace takarda za a buga, Direkta?"

Salmanu ya ɗauki shayin da ya bari tun safe. Ya huce, ƙuda ya mutu a ciki. Ya riƙe kofin, bai sha ba, bai kuma ajiye ba.