Kwana Talatin a Nan, Kwana Goma a Can

Shekara talatin da ɗaya Magatakarda ya yi a kotu, bai taɓa yanke wa ko kaza hukunci ba. Aikinsa ya karɓi takarda, ya buga mata hatimi, ya rubuta kwanan wata, ya ce wa mai ita ya dawo ranar Litinin. Amma mutane sun ɗauka duk wanda ya daɗe a ƙasan kujerar alƙali, dole wani abu ya riƙa ɗigo masa daga sama. Yana yin ritaya unguwa ta naɗa shi lauya ba tare da ta tambaye shi ba. Shi ma bai ce a'a ba.

Ofishin nasa benci ne a ƙofar shagon mai gyaran agogo. Nan ɗan haya zai zo ya ce mai gida ya cire masa ƙofa, nan za a tambaye shi ko yarjejeniyar baka tana da ƙarfi, ko ɗan sanda na da ikon buɗe wa mutum waya. Duk amsarsa da kalma huɗu take farawa: "Doka a fili take." Yawanci kuma daidai yake faɗa, abin da ya ƙara lalata shi ke nan.

Ranar da ƙanwarsa Auta ta kira, yana ɓare lemo. Sai ya maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa don kada ɓawon ya tsinke.

Mijin Auta direban babbar mota ne, yana kai kaya tsallaken iyaka. Wani ya roƙe shi ya tafi masa da buhu guda, ya ɗauka. A cikin buhun akwai maganin ciwon jiki da ake sayarwa a kowane kemis na nan, wanda a can kuwa sai da lasisi ake ɗaukarsa. An kama shi, an kai shi kotu, da safiyar ranar aka yanke masa shekara biyu.

"Yaya, sun ce ana ɗaukaka ƙara," in ji Auta. "Kwana nawa nake da shi? Gobe zan tafi, ko yaya?"

"Gobe? Gobara ce? Doka a fili take. Kwana talatin daga ranar hukunci. Ki nutsu, ki shirya a tsanake. Masu gaggawa su ne ke ɓata takarda."

"Ka tabbata, Yaya?"

"Ni kike tambaya?"

Ɓawon lemon ya fita a dunƙule, bai tsinke ba. Har ya ɗaga shi ya nuna wa mai agogo.

Auta ta nutsu kamar yadda aka ce mata. Babbar 'yarta na tsakiyar jarrabawar ƙarshe, ta jira ta gama. Ta sabunta takardar tafiya, ta nemi lambar wani lauya na can. Kwana na sha tara ta tsallaka, tana ganin ma ta yi sammako. Lauyan ya duba kwanan watan hukuncin, ya dube ta, ya ce a ƙasarsu kwana goma ne.

Da ta dawo, ɗakin Magatakarda ta zarce. Ta zauna a bakin kujera, jakarta bisa cinya.

"Yaya, na makara."

Ya jira sauran maganar. Tun da labarin ya riga ta isowa ya shirya amsoshi iri uku: cewa ita ba ta faɗi takamaimai wace kotu ba, cewa ya ce ta tuntuɓi lauya, cewa layin wayar ba shi da kyau ranar. Duka ukun ƙarya ne, amma ya goge su har suna ƙyalli. Ba ta ba shi damar amfani da ko ɗaya ba. Ba ta ambaci talatin ba. Ta ce da ba ta jira jarrabawar yarinyar nan ba, ta ce ita dama tun suna yara an san ta da nawa.

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya san yadda ake yi da mai zagi, shekara talatin da ɗaya yana yi.

"Lauyan ya ce akwai ƙofa ɗaya," ta ci gaba. "A roƙi kotunsu ta ƙara wa'adi. Amma sai da takardar rantsuwa daga nan, a faɗi dalilin makarar. Ya ce dalilin da alƙalansu suka fi ji shi ne rashin lafiya."

"Kin yi rashin lafiya?"

"Zan yi," ta ce. "Ina da ƙawa a wani asibiti, za ta ba ni kati. Kai dai ka rubuta mini, kai ka san yarensu."

Ya rubuta. Ya jawo tsohon keken rubutunsa daga ƙarƙashin gado, ya hure ƙurar, ya kwantar da ƙanwarsa a gadon asibiti na kwana sha biyu, da zazzaɓi mai tsanani da ƙarin ruwa. Takardar ta yi kyau. Bai taɓa rubuta wadda ta kai ta kyau ba. Babu ko kuskure ɗaya a ciki, ban da cewa babu gaskiya ko ɗaya.

Auta ta tafi, ya zauna yana kallon takardar. Ya san hukuncin rantsuwar ƙarya a nan, har lambar sashen ya haddace, ya sha ganin waɗanda aka tasa ƙeyarsu saboda ita. Na can ne bai sani ba, kuma a karon farko ya lura bai sani ba ɗin. Idan suka bincika katin, za a sami miji a gidan yarin can, mata a na nan, yara huɗu a tsakiya, shi kuma a kan bencinsa yana bayanin doka. Washegari da safe ya sa sabuwar takarda a keken. Wannan sau biyar yana yagawa. Gaskiya ba ta da saurin bugawa.

Suka tafi kotu tare. Tsohon wurin aikinsa ne, bai canza ba: fankar da ke juyawa ba ta ba da iska, fayil-fayil ɗaure da igiya, dogon benci na masu jira. Ya zauna a kansa, ya gano ashe yana da ƙusa a tsakiya. Shekara talatin da ɗaya yana tura mutane su zauna a nan.

Mai rantsarwa mace ce, shi ya koya mata aiki tun tana sabuwar ɗauka. Tana hango shi ta miƙe.

"Ranka ya daɗe! Yau wa muka yi wa laifi? Ka shigo ciki mana, kai da layi?"

"Layi na zo bi."

"To wa za a rantsar? Hajiyar?"

"Ni."

Ta yi dariya har tana dafa tebur. Da ta ga bai taya ta ba, ta karɓi takardar. Auta ta leƙa, ta ga ba ta jiya ba ce.

"Yaya, mene ne wannan? Ina tawa?"

"Tana gida."

"Wa ya aike ka? Na ce da kai wani abu? Na kai ƙararka wurin wani?"

"Ba ki ce ba."

"To don me?"

Ya juya wurin mai rantsarwa.

A ƙa'idar ofishin, ana karanta wa mai rantsuwa takardarsa da babbar murya kafin ya sa hannu. Shi ya kafa ƙa'idar, shi ya hana a sassauta wa kowa. Mai rantsarwa ta rage murya iya ƙoƙarinta, amma ɗakin ƙarami ne.

"Cewa ni ba lauya ba ne, ban kuma taɓa karatun lauya ba. Cewa mai neman ƙarin wa'adi ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya. Cewa ta tambaye ni wa'adin ɗaukaka ƙara, na ce mata kwana talatin. Cewa ban duba ba, ban tambayi kowa ba, dokar ƙasata na faɗa mata. Cewa ta so tafiya washegari, ni na hana ta."

Ta tsaya. "Ranka ya daɗe, wannan na ƙarshen, a cire shi? Ba dole ba ne."

"Karanta dai."

A kan bencin akwai ɗan hayar nan da aka cire wa ƙofa, ya zo shigar da ƙara bisa shawarar Magatakarda. Ya dubi takardun hannunsa kamar yanzu ya fara ganinsu, ya ninke su a hankali.

Magatakarda ya ɗaga hannu ya rantse. Kalmomin da ya sa dubban mutane suka maimaita, sai da aka tuna masa layi na biyu. Aka buga hatimi. A hanyar gida Auta tana gaba yana baya. Amma ya ji wani sauƙi a ƙirjinsa, har ya yi tunanin ashe abin da ake faɗa game da gaskiya ba duka ne tatsuniya ba. Sauƙin ya yi mako biyar.

Amsar ta zo cikin saƙon murya daga lauyan can. Auta ta kawo wayar har benci, ta ajiye ta tsakaninsu, ta danna.

"Hajiya, sai haƙuri. Alƙali ya ƙi. Layi huɗu ya rubuta. Ya ce shawarar ɗan'uwa ba uzuri ba ce a dokarmu, wanda ke son sanin wa'adi kotu yake tambaya. Ya yaba wa mai rantsuwar, ya ce mutum ne mai gaskiya. Ni dai na faɗa miki tun farko, da rashin lafiya ce, ko buɗe katin ba sa yi."

Saƙon ya ƙare. Auta ta sake dannawa, suka sake ji daga farko, har yabon. Mai agogo ya sunkuya kan wani agogo da ya gama gyarawa tun jiya.

"Da sun bincika fa?" in ji Magatakarda. "Da ke ma kina ciki."

"Da," ta ce. Ta mayar da wayar jaka. "Na farkon ban riƙe ka ba, Yaya, kuskure ne. Na biyun nan kuwa, kai ka samu barci, shi ya samu shekara biyu."

Ta miƙe, ta gyara mayafi. "Ranar Asabar zan kai masa ziyara. Ya ce yana son ganinka."

Ya so ya ce ƙafarsa na ciwo. Ya tuna yanzu shi mutum ne mai gaskiya, da shaidar alƙali.

Ranar Asabar suka tsallaka iyaka tare. Ɗakin ziyarar doguwar kanta ce da ragar ƙarfe a tsakiya, kowa na ɗaga murya don ya fi na kusa da shi. Aka fito da Direba. Ya rame, an aske masa kai, amma yana ganinsu ya washe baki.

"Babban Yaya da kansa! Kai, yau gidan nan ya yi baƙo. Na faɗa wa 'yan ɗakinmu surukina tsohon ma'aikacin kotu ne, har sun ba ni tambayoyi in kawo maka."

Magatakarda ya dubi Auta. Tana kallon ragar. Ashe ba ta faɗa wa mijin ba. Ta bar masa ya faɗa da bakinsa ne, ko ta rufa masa asiri, bai san wanne ba.

"Akwai maganar da zan yi maka," ya fara.

"Bari in riga ka, minti goma kawai suke bayarwa." Direba ya matso har hancinsa na taɓa ƙarfen. "Wani a nan ya ce in mutum ya zauna lafiya ana yafe masa kashi ɗaya cikin uku. Na ƙirga, in haka ne zan fito kafin yarinyar nan ta gama shekarar farko a jami'a. Tun ranar nake ƙirgawa. Gaskiya ne, Yaya?"

A dokar gida gaskiya ne. Amsar ta taso masa har bakin leɓe, da lambar sashenta, a shirye tsaf. Ya haɗiye ta.

"Ban sani ba," ya ce.

Direba ya yi dariya, yana jiran sauran. Sauran bai zo ba. Dariyar ta janye daga fuskarsa a hankali.

"Kai ne ba ka sani ba?" Ya gyaɗa kai. "Na gane. Babu ke nan. Ba ka son faɗa mini ne."

"Ba haka nake nufi ba. Wallahi ban sani ba ne kawai. Zan tambaya."

"Bar shi, Yaya, na gode da ka sassauta mini." Ya juya wurin matarsa. "Ki ce wa yarinyar ta daina lissafi da ni."

Gandiroba ya buga sanda a kan kanta. Magatakarda ya kama ragar da yatsu yana ta cewa zai tambaya, zai tambayi lauya, zai tambayi kotun da kanta. Direba ya ɗaga masa hannu ba tare da ya waiwayo ba, ya bi layi ya shige.